Murfin Gwangwani a Gwiwar Inna

Takalman da Suwaiba ta tarar a bakin ƙofar ɗakin mahaifiyarta su suka fara tayar mata da hankali. Silifas ne na mata birjik, wasu kan wasu, irin yadda ake gani a gidan haihuwa ko gidan rasuwa. Asabar ce da hantsi, ta biyo Ƙofar Guga ne kawai ta gaishe da iyayenta kafin ta wuce kasuwa, kuma babu wanda ya kira ta ya ce wani abu ya faru.

Sai ta hangi mahaifinta, Malam Dabo, zaune bisa 'yar kujera a gefen ƙofar, ya ba labule baya. Tabarau a karan hanci, wani ɗan farin akwati a cinyarsa. Wayoyi sun fito daga jikin akwatin sun bi ƙasa sun shige ƙarƙashin labule. Yana murɗa maɓalli a hankali yana ɗaga murya.

"Ana ji?"

"A ƙara kaɗan, Malam," in ji wata tsohuwa daga ciki.

"To, ga shi nan. Yanzu fa?"

"Yauwa! Har cikin ƙashi."

Suwaiba ta gane akwatin tun daga nesa, don ita ta kawo shi gidan. Aikinta ke nan, a sashen gashin ƙashi na wani asibiti take a cikin gari. Da ciwon gwiwa ya matsa wa mahaifiyarta, Furera, har sallah ta koma yi a zaune, sai ta samo mata wannan 'yar na'ura mai aiki da batir. Tana da faci na roba masu danƙo da ake liƙawa a fata, su riƙa kai ɗan motsin wuta mai kama da tafiyar tururuwa, zafin ciwo ya lafa. Ranar da ta kawo ta sai da ta zaunar da su biyun ta yi bayani dalla-dalla. Ta nuna inda ake liƙawa, ta nuna lambar da ba a wucewa. Ta ce ta Inna ce ita kaɗai, kuma in danƙon facin ya mutu a kira ta ta kawo sabo. Malam Dabo ya riƙa gyaɗa kai a ranar, amma idonsa na kan ƙusoshin bayan na'urar. Ta lura, ta ƙi kawo komai a ranta.

Gyaran rediyo ne sana'arsa tun kafin a haife ta. Ido ne ya raunana, mutane kuma suka koma sauraron labarai a waya, ya rufe shago ya kwaso kayan aikinsa ya jibge a zaure. Tun daga nan babu abin da ke da waya a gidan da bai buɗe cikinsa ba.

Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ina kwana."

"Lahiya lau, Suwaiba. An tashi lahiya? Ina maigidan naki? Ina yaran?"

"Duk lafiya, Baba. Wannan wayar..."

"Ya gajiyar aiki? Ya mutanen asibiti?"

"Alhamdu lillahi. Baba, wannan wayar..."

"Madalla. Ya aka ji da zafin ga?"

Tana amsawa idonta na bin wayar. Ba siririyar da ta zo da na'urar ba ce kaɗai. An yanke ta an ƙara mata tsawo da wayar sifika, an naɗe mahaɗar da baƙin salatif. Murfin bayan na'urar babu shi, gurbin batir fayau. Daga cikin gurbin wata waya ta fito ta tafi har jikin wata tsohuwar caja da ke cuse a soket ɗin jona wuta, shi kuma yana yashe a kan siminti, kusa da inda aka yi wanke-wanke ruwa bai gama bushewa ba.

"Baba, ina batirin?"

"Batir ci gare shi. Kwana kaɗan ya mutu, ga mutane sun yi yawa. Na haɗa mata da wutar gida, yanzu ko wuni za a yi ba ta gajiya." Ya faɗa yana murmushin wanda ke jiran a yaba masa.

Kafin ta buɗe baki muryar Furera ta fito daga ɗaki.

"Malam, kashe. An gama da wannan. Hajiya Hawwa ce ta gaba, kafaɗarta ta hagu."

Suwaiba ta miƙe zumbur. Hajiya Hawwa maƙwabciyarsu ce, bara aka kai ta Kano aka dasa mata batirin zuciya a ƙirji, ƙasa da wannan kafaɗar ta hagu. Suwaiba da kanta ta je duba ta da ta dawo. Ba ta tsaya neman izini ba, ta tsallake ƙafar mahaifinta ta fizge cajar daga soket, ta ɗaga labule ta faɗa ɗakin ko sallama babu.

Tsofaffin unguwa ne zaune a jere, wasu kan tabarma, wasu ƙafafunsu tsirara a kan siminti. Hajiya Hawwa ta zame mayafi ta buɗe kafaɗa. Furera na zaune a gabanta da abin da za ta ɗaura mata. Suwaiba ta karɓe shi ta juya shi a tafin hannu. Ba faci ba ne. Murfin gwangwanin madara ne aka yanke shi ƙarami kamar kwabo, aka goge bakinsa, aka liƙa masa waya da dalma. Ga tsinken robar tayar keke da ake ɗaure shi da ita.

"Inna, mene ne wannan?"

"Facin ne ya daina kamawa," in ji Furera a hankali. "Shi ne Malam ya yi wani."

"Hajiya, an taɓa sa maki?"

"Ina fa! Yau ne zan fara. Tun safe nake zaune, da layi ya zo kaina kin shigo kamar an koro ki."

"Alhamdu lillahi. Hajiya, ke ko na asibiti ba a sa maki. Batirin da ke ƙirjinki da ɗan motsin wuta yake lura da bugun zuciyarki. In wata wuta ta shigo ta kusa da shi, yana iya rikicewa ya daina aikinsa. Ba su gaya maki a Kano ba?"

"Sun ce kar in sa waya a aljihun gaba. Ni kuwa ina na ga aljihu?" Hajiya Hawwa ta ja mayafinta a fusace. "Minti biyu kawai, 'yar nan. Kowa ya sha, ni kaɗai za a hana?"

"Ko daƙiƙa ɗaya, Hajiya."

Ɗakin ya kaure da magana. Wannan ta ce ita tun da aka fara yi mata take barci har da minshari. Waccan ta ce a asibiti sai mutum ya wuni kafin a gan shi, nan kuwa kyauta, ga hira. Wadda aka cire wa yanzu ta ce ita dai wani lokaci takan ji abin ya ɗan fizge ta in ta sauke ƙafa ƙasa, amma ai alamar magani na shiga ke nan. Suwaiba ta rufe ido ta buɗe. Duk sun goya ta tana jaririya, babu wadda za ta iya ɗaga wa murya. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana duba inda aka ɗaura masu ƙarfen. Biyu fatarsu ta yi ja, sauran babu komai. Ta ba su haƙuri, ta ce an tashi. Suka fita suna neman takalma suna gunaguni, Hajiya Hawwa ko kallonta ba ta yi ba.

Da ɗakin ya rage su biyu sai ta lura mahaifiyarta na ta jan zane tana rufe gwiwa.

"Inna, buɗe in gani."

"Ba komai, ɗan ƙurji ne. Na sa man kaɗanya."

"Buɗe, don Allah."

Tabo biyu ne a gefe da gefen gwiwar, zagayayyu daidai girman ƙarfen. Ɗaya ya yi baƙi ya bushe. Ɗayan ya fashe, ya fara ruwa, gefensa ya kumbura.

"Inna! Ba ki ji zafi ba?"

"Ban ji ba. Ni ma da na zo wanka na gani."

Abin da Suwaiba ke tsoro ke nan tun farko. Furera na da ciwon suga, ya daɗe yana rage mata ji a ƙafafu. Shi ya sa aka kafa mata lambar da ba a wucewa.

"Har nawa yake murɗa maki?"

"Yakan tambaya ko ina ji, in ce a'a, sai ya ƙara."

"Me ya hana ki kira ni?"

Furera ta sunkuyar da kai. "Ke ba ki ga yadda ya koma ba ne. Tun da ya rufe shago ban ga yana tashi da wuri yana ƙwanƙwase-ƙwanƙwase da murna ba sai yanzu. In kira ki ku yi ta faɗa?"

Suwaiba ta fito da murfin gwangwanin a hannu. Malam Dabo na nan inda yake, fuska a ɗaure, ya riƙe cajar da ta cire.

"Kin kore mani baƙi," ya ce. "Kin tsallake ƙafata a gaban mutane."

"Ka yi haƙuri, Baba. Amma ka ga gwiwar Inna?"

"Ƙurji ne. Ta ce mani ƙurji ne."

"Ƙuna ce. Wannan ne ya ƙone ta." Ta miƙa masa ƙarfen. "Ba don ado aka yi facin nan da faɗi ba. Danƙon da ke jikinsa shi ke kwantawa a fata ya raba wutar ta bazu ko'ina daidai. Shi kuwa ƙarfe busasshe ne, ga shi ƙarami, kuma ba duka yake taɓa fata ba. Inda ya taɓa nan wutar ke taruwa ta ci wurin."

"Roba ta fi ƙarfe ɗaukar wuta? Yau na ji sabon karatu."

"Ba a son ya fi ɗauka, Baba, so ake ya raba."

"Wutar mi ke cikin abin ga? Wutar batirin rediyo ce. Da harshe nake ɗanɗana irinta."

"Na'urar tana ɗaga ta kafin ta fita, kai ma ka sani tunda ka buɗe. Kuma yanzu ba batir ba ne, caja ce. Da batir ne, babu abin da ya haɗa jikin mutum da wutar bango. Yanzu tsakanin Inna da wutar bango babu komai sai cajar nan da ko sunan kamfani babu a jikinta. Ga su zaune ƙafa a siminti."

"Ke," ya ce, ya cire tabarau ya nuna ta da shi. "Ni za ki koya ma wuta? Da kuɗin dalma aka sai maki littafin makaranta. Wuta ta ja ni ta gaji, ba ta kashe ni ba."

"Kai ta ja a yatsa, ka fizge. Su ɗaure masu kake yi da roba!"

Muryarta ta fi yadda ta so tashi. Ya kalle ta, ya maida tabarau, ya juya kai gefe. Ta san an gama magana. Ta ɗauki almakashin ɗinkin Furera ta datse wayar cajar daga jikin na'urar, ta naɗe sauran ta cusa a jaka. Ta fita ta tsayar da Keke, ta sa mahaifiyarta a gaba suka tafi asibiti. Kasuwar da ba ta je ba ke nan.

Likita ya wanke ciwon ya rubuta magani, ya ce da ciwon suga irin wannan ba a wasa da shi, sai an riƙa wankewa ana canza bandeji. Ya tambayi abin da ya ƙone ta. Suwaiba ta ce na'ura ce ta gida. Ya ɗago ya kalle ta da mamaki, don ya san aikinta. Kunya da haushi suka kama ta.

Daga ranar kullum in ta tashi aiki sai ta biya Ƙofar Guga. Malam Dabo yakan amsa gaisuwarta a taƙaice, babu tambayar yara, babu ta maigida. In ta zauna wanke ciwon a tsakar gida sai ya fito ya tsaya nesa yana magana da iska. Yau ya ce man kaɗanya ne ya ɓata wurin. Gobe ya ce kayan yanzu tun daga kamfani suke zuwa da lahani. A hanya kuma tsofaffin unguwa sun daina yi mata wasan da suka saba. Har an kai wa Furera labari cewa wai 'yarta baƙin ciki take, kada a rage wa asibiti masu zuwa.

Wata rana da la'asar tana naɗe bandeji Malam Dabo ya sake fitowa.

"Ni dai abin da na sani," ya ce yana kallon bango, "haɗina ba shi da matsala. Cajar ga garau take."

Suwaiba ta ajiye almakashi. Ta gaji har cikin ranta.

"Baba, ka bar maganata, ni yarinya ce. Ɗauko testarka. Jona cajar ka taɓa bakin wayar da na yanke. In fitila ba ta kama ba, gobe in dawo maka da na'urar."

Ta faɗa ne cikin fushi, sai da maganar ta fita daga bakinta ta yi da-na-sani, don ba ta da tabbacin abin da testar za ta nuna, kuma ta san ko me ta nuna ba za ta dawo da na'urar ba. Shi kuwa har da sauri ya shiga zaure. Ya dawo da cajar da testa, wato ɗan sukundireban nan mai fitila a ciki da masu gyara ke gane waya mai wuta da shi. Aka yi sa'a akwai wuta. Ya jona, ya ware bakin wayar, ya ɗora babban yatsa a gindin testar, ya taɓa.

Fitilar ta kama, ja wur.

Ya ɗaga ya sake taɓawa. Ta sake kamawa. Ya zare cajar ya juya ƙafafunta ya mayar, ya taɓa ɗaya wayar. Ja. Ya kare hasken rana da tafin hannu ya kusanto da ido, ko tabarau ne ke yi masa gizo. Babu wanda ya fi shi sanin ma'anar abin. Testa ba ta kamawa da wutar batir. Wutar bango ce ke tsallakowa ta biyo wayar da ya riƙa ɗaura wa mutane a jiki.

Ya zare cajar ya sa bakin sukundireba ya ɓalle ta gida biyu. Cikinta ɗan allo ne guntu, ya yi baƙin hayaƙi a gefe, ɓangaren wutar bango da na fita sun kusa haɗewa, ga gawar kiyashi cunkushe a tsakani. Ya daɗe yana kallo.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce can ƙasa. Ya juya ya dubi simintin ɗakin da matan ke zama.

Suwaiba ta jira. A ranta ta shirya amsar da za ta ba shi in ya ce ta yi gaskiya, amsa mai taushi wadda ba za ta ƙara masa kunya ba.

"Azzalumai!" ya daka tsawa. "Dubi abin da suke sayar ma mutane! Wannan caja ce? Allah ya isa tsakanina da wanda ya ƙera ta!"

Ya ɗauko guduma ya kai cajar bakin rariya ya farfasa. Da ya huce ya dawo ya tsuguna a gaban matarsa, ya dubi bandejin.

"Sannu, Furera. Yana zafi?"

"Da sauƙi, Malam."

"Allah ya ƙara sauƙi." Sannan ya waiwayo wajen 'yarsa. "Amma shi gwangwanin, da an samu mai faɗi..."

"Baba!"

"To, to. Na bari."

Washegari Furera ta gaya wa Suwaiba cewa bayan sallar asuba Malam Dabo ya bi gidajen matan nan ɗaya bayan ɗaya, yana sallama da mazajensu da 'ya'yansu yana tambayar ko akwai wadda ta ji wani abu a jikinta. A gidan Hajiya Hawwa ya fi daɗewa. Ita Suwaiba bai ce mata komai ba, sai dai tambayar yara da maigida ta dawo cikin gaisuwa.

Ciwon ya ɗauki lokaci kafin ya rufe, ya bar tabo biyu masu duhu. Da fatar ta warke sarai Suwaiba ta samo wata na'urar da sabbin faci, don ta farkon ba ta ƙara yarda da ita ba. Ita ke zuwa da ita, ita ke liƙawa nesa da tabon, ita ke murɗawa, in an gama ta duba fatar ta mayar da kayanta jaka ta tafi da su gida. Furera ta ce ciwon na lafawa, ko da yake a ganinta wannan ba ta kai ta Malam ƙarfi ba. Suwaiba ta yi kamar ba ta ji ba.

Ana nan wata safiya a wurin aiki aka turo mata wani dattijo daga Gobarau mai ciwon baya. Ta duba takardarsa, ta tambaye shi ko yana da batirin zuciya ko ciwon suga, ya ce babu. Ta ce ya kwanta rub da ciki. Ta ɓare faci za ta liƙa, sai ya ɗaga hannu.

"Dakata, Malama. An gwada abin ga da testa?"

"Da me?"

"Da testa. Kuma da batir yake ko da caja? Don akwai wani masani a Ƙofar Guga, Malam Dabo, tsohon mai gyaran rediyo. Kullum bayan la'asar yana yi ma mutane bayani a ƙofar masallaci. Shi ya gano cewa wutar bango na biyo waya ta shiga jikin mutum. Ya ce ko a asibiti kar mu yarda a liƙa mana komai sai mun tambaya, don yaran yanzu ba su san wuta ba. Har 'yarsa ma'aikaciyar asibiti ce, ya ce shi ya nuna mata da idonta. Ko kin san shi?"

Suwaiba ta tsaya da facin a hannu. Abokiyar aikinta da ke gado na gaba, wadda ta san labarin tun daga farko, ta juya baya tana danne dariya.

"Na san shi," in ji Suwaiba. "Da batir take, Alhaji. Masu kula da injinan asibiti kuma suna duba ta."

"Da testa?"

Ta ja dogon numfashi.

"Kwanta, Alhaji. In ka ji ya yi yawa ka gaya mani."